Wasiƙa ga abokan cinikinmu game da manoman da ke bayan man gyaɗarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu mata masu ƙosai da waina, 'yan'uwanmu masu tsire da kilishi, masu shaguna, da magidanta masu sayen galan ɗaya na wata, muna gaishe ku da fatan an shiga kaka lafiya. Sabuwar gyaɗa ta fara isowa wurin matsarmu a nan Kano, kuma kamar kowace shekara tambayoyi sun biyo ta. Me ya hana ku sauke farashi yadda wasu suka sauke? Me ya sa ƙuli yakan yanke na mako guda alhali gyaɗa ta cika kasuwa? Amsar duka tana gona, wajen mutanen da ba ku taɓa gani ba. Yaba kyauta tukuici, don haka muka ga ya dace mu gaya muku aikin da suke yi, dalla-dalla, kafin mai ya shiga kaskonku.

Gyaɗar da muke matsa ba daga wata katafariyar gona take zuwa ba. Daga gandun iyali take fitowa, hekta ɗaya, hekta biyu, wani lokaci ma gayaunar saurayi ko ta matar gida da ba ta kai rabin hekta ba. Sau da yawa ba ita kaɗai ce a gonar ba, tana tsakanin layukan gero ko dawa. Haka abin yake tun asali. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita bayan jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912, wadda ake haɗa tarihinta da Alhassan Ɗantata, buhu-buhu aka tara ta daga hannun ƙananan manoma, a kan jakuna da raƙuma. Farin farkon shekarun 1970 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wato cutar da ke tsumburar da shukar, suka karya noman, dala ta ɓace, amma gidajen nan ba su daina shuka ba.

Aikin yana farawa tun rani, da kai takin gida gona. Gyaɗa tana son jigawa mai sakin ƙasa, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Iri kuwa manomin kirki a cikin ɓawonsa yake ajiye shi, ba ya ɓarewa sai shuka ta rage mako ɗaya ko biyu, domin ɓararriyar gyaɗa da ta daɗe cikin zafin bazara tana rasa ƙarfin tsiro. Da hannu ake ɓare iri, saboda inji yana tsaga ƙwaya, kuma wadda jar fatarta ta saɓule da wuya ta fito. Da zarar ruwa ya zauna, galibi cikin Yuni, sai a yi shuka a kan kunya, kimanin santimita 75 tsakanin kunya da kunya, kamar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Wannan matsi yana da dalili. Ƙananan ƙwarin da ke tsotson ruwan ganye, waɗanda ke yaɗa kuturta, sun fi sauka a gonar da aka yi latti ko aka bar ta da sarari ana hango ƙasa. Wanda ya shuka da wuri kuma ganye ya rufe kunya ya rage wa kansa rabin fargaba. Irin Samnut da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar ya taimaka ƙwarai, musamman Samnut 24 mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, wanda ke tsere wa ɗaukewar ruwa da wuri.

Taki ma akwai inda ake kuskure. Gyaɗa ba masara ba ce. Saiwarta tana da ƙulle-ƙullen da ke samar mata abin da yuriya ke bayarwa, har ta bar saura ga dawar baɗi. In aka tula mata yuriya sai ta yi ganye kore shar, a tona a tarar babu 'ya'ya. Takin sufa take so, a sa shi lokacin shuka.

Bayan kamar wata ɗaya sai fure ya fito. In furen ya bushe yakan saki wani ɗan tsinke da ke sunkuyawa ya nutse cikin ƙasa, a bakinsa gyaɗar ke ƙulluwa. Shi ya sa dole a gama firi da maimai kafin wannan lokaci. Fartanyar da ta shiga gona bayan tsinkayen sun nutse, kowane sara asarar kwanso ne. Daga nan sai cire ciyawa da hannu, a sunkuye, kuma yawanci mata da yaran gida ne ke yi.

Inda muke so ku fi lura shi ne makonni ukun ƙarshe na aikin gyaɗar, domin a nan ake yanke hukuncin ko ƙulin da za ku ba 'ya'yanku abinci ne ko cuta. Akwai wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, wadda in ta shiga gyaɗa take haifar da gubar da masana ke kira afalatoksin. Gubar tana lalata hanta sannu a hankali, tana tsumburar da yara, kuma suya ba ta kashe ta. In an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli, a yajin tsire, a abincin kaji da na shanu, har ta kan bi ta cikin nono. Ƙa'idar da hukumar NAFDAC ke aiki da ita ita ce kada ta wuce kashi 20 cikin biliyan, Turai kuwa kashi 4 ta yarda da shi a gyaɗar ci. Ƙofofin shigarta sanannu ne: fari a ƙarshen damina da ke sa kwanso ya tsage, gara da ƙadandoniya da ke huda shi, saran fartanya wajen cira, barin gyaɗa a ƙasa bayan ta nuna, da shanyar da ba ta kai ba. Akwai magani, Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar marar guba, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri. Yana aiki, amma bai ɗauke wa kowa wahalar kaka ba.

Manomin da ya san aikinsa ba ya cira don maƙwabci ya cire. Yakan tuge gindi biyar ko shida daga sassan gona daban-daban, ya fasa kwanso ya duba cikinsa. In bakwai ko takwas cikin goma sun yi duhu daga ciki, ta nuna. In aka yi gaggawa, ƙwaya za ta motse, mai ya yi ƙaranci. In aka yi jinkiri, tsinkayen su ruɓe, kwanso ya tsaya a ƙasa sai roro, wani irin ma ya fara tsiro tun yana ciki. Bayan cira sai a kifa ta, ganye a ƙasa 'ya'ya suna kallon rana, kwana uku zuwa biyar, ba a tara ta tsibi ta yi gumi ba. Sannan a tsinke, a shanya a kan tabarma ko tamfol, ana juyawa, ana kwashewa kafin raɓar dare. Alamar bushewa ita ce a girgiza kwanso a ji ƙwaya tana kaɗawa, a ciza ta fashe ƙaras. A na'urar gwaji wannan yana nufin danshi ya sauka zuwa kashi 8 cikin ɗari ko ƙasa.

Duk wannan aikin kwana goma ne ko fiye, a daidai lokacin da dawa ke jira, wake ke jira, kuɗin makaranta da bashin taki ke jira. Kuma ga abin takaicin: kwanon awo bai san bambanci ba. Wanda ya yi haƙuri ya busar da tasa sarai nauyinta ya ragu, wanda ya kawo tasa da laima ya fi shi samu a sikeli. Akwai ma masu yayyafa wa kwanso ruwa da dare don ya yi sauƙin ɓara a inji, su zuba a buhu da safe. Cikin mako biyu tsakiyar buhun ta ɗau zafi ta yi kore. Kasuwar da ke biyan kowa farashi ɗaya, mai gaskiya take ci wa tara, kuma a ganinmu wannan ya fi ƙarancin taki illa ga noman gyaɗa a ƙasar nan.

Ga yadda muke saye, don ku san inda kuɗinku ke tafiya. Kowane buhu ana ɗibar samfuri daga sama, tsakiya da ƙasa. Ana gwada danshi, a baza kwano ɗaya a faifai a ware motsattsa, fasassa, mai baƙi da mai kore. Wanda ya tsallake muna biyan sa sama da farashin kasuwar hatsi ta Dawanau na ranar, kuɗi hannu, a gaban mai kaya, da sikelin da yake iya karantawa. Ba ma ba da bashin damina don mu karɓi gyaɗa a wulaƙance da kaka, domin wannan hanyar ce ke sa manomi ya cire kafin ta nuna. Wanda bai tsallake ba saboda laima kawai, ana nuna masa adadin, ya koma ya ƙara kwana biyu a rana ya dawo. Mai fumfuna kam ba ma karɓa, ko a rabin kuɗi. Makon da kuka zo babu ƙuli, yawanci makon da aka yi ruwan ƙarshe a kan shanya ne, muka mayar da kaya da yawa.

Bayan saye akwai tsinta, kuma babu injin da muke da shi da ya kai idon matan da ke wannan aiki. Ƙwaya ƙalilan ce ke ɗauke da mafi yawan gubar buhu, saboda haka cire su ɗaya bayan ɗaya yana rage ta sosai. Abin da aka tsince ba a ba kaji, ba a sayar wa mai neman arha. Daga nan sai suya sama-sama, murza, sheƙe fata, markaɗe, matsa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kashi 45 zuwa 50, amma ba duka ake tatsewa ba, ana barin wanda zai sa ƙuli ya yi garɗi. A ajiya muna barin ta cikin ɓawo muddin zai yiwu, a buhun algarara mai shan iska, a kan katako, nesa da bango. Buhun leda yana riƙe gumi.

Gona ɗaya ba mu kaɗai take ciyarwa ba. Harawar da aka ɗaure aka ɗora a kan rufi ko cikin reshen bishiya ita ke riƙe tumaki da awaki duk rani, ita ke ƙiba ragon layya, kuma a bazara kuɗinta kan ba mutum mamaki. Kashin dabbobin ya koma gona. Ɓawo ya tafi shimfiɗar kaji ko murhu. Mai amalanke, mai injin ɓara na ƙauye, maƙerin da ke gyara garma, matan da ke matsar kwano biyu ko uku a tsakar gida suna tara wa 'ya kayan ɗaki, duk a jikin gindin gyaɗar nan suke. Ku ma kuna ciki: ƙosan safe, kunun gyaɗar azumi, kwaɗon zogale da rama, yajin da ke manne wa tsire. In gida ɗaya ya gaji ya bar noman gyaɗa ya tura samarinsa birni tuƙin babur, duk waɗannan sun rasa wani abu, ba buhu goma kawai aka rasa ba.

Game da man kansa, abubuwa uku da kuke yawan tambaya. Kumfar da yake yi a zubin farko ba algus ba ce, man da ba a tace da sinadari ba haka yake. A ɗora shi a wuta kaɗan da yankan albasa har kumfar ta kwanta kafin a fara suya. Laka-lakar da ke zama a gindin galan gyaɗa ce, a bar ta ta kwanta a tsiyaye na sama. Da hunturu, man gyaɗa tsantsa yakan ɗan yi gajimare in sanyi ya tsananta, amma wanda ya yi barci ya daskare kamar kitse galibi an gauraya shi da farin man da ake samu daga kwakwar manja. A ajiye galan a rufe, a inuwa, kada a tsoma ludayi mai ruwa. Ƙuli kuma a sa shi a mazubi mai murfi, in ya yi laushi ko ya yi ɗaci a zubar, kada a daka shi a yaji don gudun asara.

Masu sayen gyaɗa a kasuwa don amfanin gida, ku ma kuna da hannu a gyaran. Ku ciza kafin ku saya, ku sa hannu har tsakiyar buhu ku ji ko da ɗumi, ku shinshina. In kun sami mai busasshiya tsabtatacciya, ku daure ku ƙara masa wani abu, ku gaya masa dalili, ku koma wurinsa baɗi.

Farashinmu zai ɗan sauka daga tsakiyar Nuwamba in kaya sun gama bushewa sun yawaita, sannan ya fara hawa bayan Fabrairu kamar yadda aka saba. Masu tsire da kilishi da ke buƙatar tunkuza ko garin ƙuli da yawa, ku sanar da mu mako guda kafin lokaci don a ware muku. Galan ɗin da kuka dawo da shi a wanke kuma a bushe za a rage muku kuɗinsa. Wanda yake son ganin yadda ake gwajin buhu, ƙofa a buɗe take kowace safiya ban da Juma'a.

Allah ya ba manomanmu lafiya da damina mai albarka, ya sa wa kasuwancinku albarka.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Kano