Idan ɗan Kalare ya gama wa'adinsa, wa ke sa masa ido?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Shekara biyar ke nan wani ɗan Kalare, wato ɗan daba irin na nan Gombe, ya sari ɗan ƙanwata da adda a kafaɗa saboda waya, har yau hannun ba ya iya ɗaga dutsen guga. Kotu ta ɗaure shi shekara huɗu. Bayan babbar Sallah sai ga shi a bakin layinmu yana shan rake, yana ƙare wa shagona kallo. Ba wanda ya sanar da mu an sako shi. Mai unguwa ma a bakin mutane ya ji.

Ɗana mai karatun lauya ya ba ni labarin jihar New South Wales ta Ostireliya. Suna da doka tun 2006 kan masu fyaɗe, a 2013 suka haɗa da masu kisa da mugun rauni. Kafin mutum ya fito, gwamnati kan je babbar kotun jihar, likitocin ƙwaƙwalwa su duba shi. Alƙali na iya cewa a ci gaba da tsare shi, ko a sake shi bisa sharuɗɗa har na shekara biyar: inda zai kwana, wanda ba zai kusanta ba, wani ma a ɗaura masa na'ura a ƙafa.

Ci gaba da tsarewar nan ban goyi bayanta ba, ko a kan wanda ya nakasa mana yaro. Gidajen yarinmu maƙil suke da masu jiran shari'a. In aka ba da ikon riƙe wanda ya gama wa'adi, marar gata za a riƙe, mai ubangida a siyasa ya fice. Ai mun san masu ba yaran nan na ƙwaya lokacin zaɓe.

Sa ido nake roƙo. Dokar 2019 da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali ta tanadi jami'ai masu kula da masu laifi a waje. 'Yan majalisar jiharmu su ɗora a kai: alƙali ya sa mai tarihin sara ya riƙa zuwa sa hannu duk mako, a haɗa shi da maigidan sana'a, a hana shi layin wanda ya sara, kuma a sanar da iyalin kafin a buɗe masa ƙofa.

Ƙanwata dai ta tura yaron Kumo wajen kakarsa.

Naku,
Wani tela daga Jekadafari, Gombe