Rahoton Kwamitin Gini: Ɗakin Ajiyar Irin Daji da Ƙidayar Kuromozom a Garwa

Jama'ar ƙungiya, assalamu alaikum. Ginin da kuka ɗora wa kwamiti ya kammala. Ciki biyu ne, kowanne mita 4 a tsaye, 3 a kwance: na gabas na ajiyar iri, na yamma na madubin ƙara girma.

Dalilin aikin sananne ne. Gurjiyar daji, uwar ƙwarurun da muke shukawa, tana fitowa da kanta daga wajen Yola har zuwa nan Garwa ta Kamaru, ga kuma waken daji a bakin rafuka. Sharar gona da gobarar daji na cinye su. Wanda zai haɗa na daji da na gida don samun sabon iri kuwa sai ya fara sanin adadin kuromozom, wato ƙullin gadon da ke cikin ƙwayar halitta. Wake da gurjiya 22 ne kowannensu, gyaɗa 40, gawo 26. Dakwara yawanci 26 ce, amma akan samu mai 52, kuma da ido ba a rabe su. Idan adadin ya saɓa, haɗin ba ya cika yin iri mai kyau.

Fandesho ne ya fi ba mu wuya. Ƙasar filin baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta dare da rani. Daɓen farko ya tsage tun ba a ɗora kwano ba, saboda a kan lakar aka zuba shi kai tsaye. Mun fasa shi, muka kwashe laka zurfin santimita 80, aka cike da marmara da yashi ana dannewa, aka zuba maganin gara, aka shimfiɗa leda, sannan kankare mai rodi.

Bangon ɗakin iri bulo ne ribi biyu da iska a tsakani, babu taga, sai silin a ƙarƙashin kwano, domin zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Ƙa'idar masu ajiya ita ce duk ragin digiri 5 yana ninka rayuwar iri, haka ma ragin kashi ɗaya cikin ɗari na damshinsa. Ana shanya irin a inuwa, a zuba a kwalba mai murfin roba da silika (ƙwayoyi masu tsotse damshi) a ciki, ya kwana bakwai a firiza don kashe ƙwan ƙwaron wake. Sola ce ke riƙe da firizar.

Teburin madubi na kankare ne, a kan ginshiƙinsa daban. Na katako da muka gwada rawa yake idan babbar mota ta wuce, kuma kuromozom ɗin wake ƙanana ne sosai, a ninki 1,000 ko numfashi yana ɓata ƙidaya. A gefen teburin akwai kanta mai tayil inda ake aikin saiwa, domin a kan saiwar ake ƙidaya kuromozom: a ɗan karce ɓawon irin (na daji tauri gare shi, ba ya shan ruwa), ya tsira a jiƙaƙƙiyar takarda, a yanke kan saiwar idan ta kai santimita 1 zuwa 2, ta kwana a ruwan ƙanƙara, a tsoma ta cikin sifirit kashi 3 da asid ɗin asetik (sinadarin tsamin da ke cikin binega) kashi 1, a rina, a latse a gilashi.

Ƙurar hunturu har yanzu tana shiga ta ƙasan ƙofar yamma, mun gan ta kwance a kan gilasan. Kafinta zai sa roba. Masu tattaro waken daji kuma, don Allah a tsinko kwanson da sassafe kafin rana ta fasa shi, a rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowace jaka.