Sa hannuna suke so a kan aikin da ba nawa ba

Assalamu alaikum, mutumina.

Shirun nan ya isa haka. Saƙonka na nan, wanda kake tambaya ko zan karɓi ƙaninka ya koyi aiki a hannuna, za mu zo kansa wani lokaci. Ya iyali, ya jikin Baba? Ka gaishe mini da shi da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya.

Wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma kai ne za ka gane ta, tunda tare muka fara jan wayar lantarki a wurin Oga, maigidan da ya koya mana aiki, kafin ka tsere ka koma ofis mai sanyi, inda na ji har tumbi ka ajiye. Tun da lasisina ya fito aikin ya sauya. Da can gyaran soket da ɗaura fanka ne, yanzu gini sukutum ake danƙa mini: ni ne mai lissafin nauyin wutar da zai ja, ni ne mai sayen kaya, ni ne mai biyan yara, kuma ni ne mai sa hannu a takardar da kamfanin wuta zai gani kafin ya haɗa mita. To a kan sa hannun nan ake ta ja.

Wani bene ne mai hawa shida a tsakiyar gari, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Mai shi ya ba wasu marasa lasisi wayarin saboda sun yi masa sauƙi. Suka gama, aka shafe bango, aka yi fenti, sai da aka zo haɗa wuta aka ce masa sai da takardar mai lasisi. Nan aka nemo ni. Ya ce ai aiki ya ƙare, ni dai in zagaya in sa hannu, zai sallame ni da kyau. Na ce masa sai na gwada tukuna.

Soket ɗin farko da na kwance, jikin wayar an rubuta 2.5, wato lambar kaurinta, amma tun a hannu na ji ba ta da nauyi. Na sa wuƙa na kankare bakinta, sai jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka san wajen barin wuta ta ratsa, alminiyam bai wuce kashi 61 cikin ɗari na jan ƙarfe ba idan kaurinsu ɗaya, ga shi yana saki a wurin ɗauri bayan ya sha zafi da sanyi. A kan irin wannan wayar suka ɗora layin hita da na na'urar sanyaya ɗaki. Ga wayar ƙasa kuwa, mai kore da rawaya, tana nan a kowane soket gwanin sha'awa. Na bi ta har babban akwati, na tarar da ita a naɗe a lungu, ba ta haɗu da komai ba. Ko sandar ƙasa ɗaya ba su kafa ba a duk ginin. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ranar da wuta ta taɓa jikin firij ko hita a gidan nan, hanyarta zuwa ƙasa ita ce jikin wanda ya fara taɓawa.

Na ɗauko Megger, na'urar da ke auna ko rufin waya yana tsare wuta, na sa a volt 500. Ƙa'ida ba ta karɓar ƙasa da megaohm 1, amma layuka da dama sai ka ga kamar wayoyin a haɗe suke. Ina zargin an ja su ba cikin bututu ba, ko kuma masu tayil sun huda su da dirili. Ga nutural ɗin babban akwati, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, yana rawa, da yatsa biyu na juya kusar. A ginin da wuta ke shiga ta layi uku, in ya fice, gidan da ya kamata ya samu volt 230 zai iya ganin kusan 400, talabijin da firij da cajar waya duk su tafi lokaci guda.

Af, ka tuna dogon nan da yake gwada waya da bayan hannu, Oga yana binsa da filaya? Ya buɗe wurin haɗa sola da inbata, kuma ka ga yadda ya nutsu. Kwanan baya muka haɗu a wurin sayen kaya, ya tsare ni yana yi mini huɗuba a kan kada a taɓa waya sai an kashe, an sa kwaɗo a makunnin, an gwada an tabbatar ba wuta. Ya tambaye ni kai, na ce kana can kana danna kwamfuta, ko tasta aka miƙa maka yanzu sai ka tambayi ta ina ake riƙewa. Shi kuma Oga ƙafa ta matsa masa, ya daina hawa tsani, amma bakin yana nan yadda ka san shi.

Da na kai wa mai ginin bayani, sai ya ja ni ɗaki ɗaya da suka haɗa da janareta, ya kunna fitila, ya ce ga shi nan ta kama, me kuma ya rage? Abin da ya fi ba ni wahala a sana'ar nan ke nan, ya fi cunkoson hanyar da ke cinye rabin yini tsakanin aiki da aiki, ya fi jiran biya, ya fi jelen neman izini daga ofis zuwa ofis. Mutum yana ganin haske sai ya ɗauka aiki ya yi kyau. Ba ya ganin abin da ke cikin bango. Na yi masa bayani cewa in nauyin da waya ke ɗauka ya ninka biyu, zafinta ninki huɗu yake yi, kuma ba yau za ta nuna ba, sai gidajen sun cika, kowa ya kunna nasa da dare. Na ce a sauya wayoyin da suka faɗi gwaji, a kafa sandunan ƙasa a auna su, a sa bireka mai tsinke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare, musamman a banɗaki da kicin. Na rubuta masa komai, hawa-hawa, da hotuna da sakamakon gwajin.

Tun ranar bai kira ni ba. Labari ya zo mini cewa yana neman wani mai lasisin da zai buga hatimi ba tare da ya taka ginin ba, kuma ka san a babban birni ba a rasa su. Wannan ne ke ci mini rai. Lasisin nan karatu muka yi, shekaru muka yi a ƙarƙashin wani, jarrabawa muka zauna, domin in mun ce gida lafiya a shiga a kwana da yara hankali kwance. Wani kuma ya mai da shi kayan haya. Ina da yara masu jiran albashi, ga kuɗin inshora, ga sabunta lasisin ya matso, kuɗin mutumin nan da sun toshe mini kafofi da yawa. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba sai an gyara.

Abin da nake so daga wurinka, tunda kai ne gwanin rubutun ofis: ina da niyyar aika kwafin rahoton ga hukumar da ke duba aikin wuta kafin a haɗa mitar. Uwargida ta ce in fara sanar da mutumin a rubuce, in ba shi wa'adi, kada a ce na yi masa zagon ƙasa. Ni kuma ina tsoron kafin wa'adin ya cika 'yan haya sun tare. Zan turo maka rahoton da daren nan, ka karanta, ka gyara mini lafazin yadda ba zai zama zagi ba amma ba a ɓoye komai ba, ka kuma faɗa mini wanne zan fara. Kada ka wuce makon nan.

Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.