Wasiƙar godiya ga wani shagon gyaran kwamfuta na titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum, Injiniya.

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode maka da yaran shagonka bisa haƙurin da kuka yi da kwamfutata, bayan ta shafe kusan wata uku tana hana ni barci.

Sana'ata zanen bangon littattafai, kuma da manhajar Krita nake aiki. Tun shigowar bazara manhajar ta fara rufewa da kanta ba tare da wani gargaɗi ba, wata rana sau uku kafin azahar, wani lokaci kuma ta yi mako guda lafiya lau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wanda na kai wa kwamfutar, sai ta yi aiki sumul a gabansa, ya dube ni kamar mai ƙirƙirar ciwo. Sau biyu aka yi mata fomat a wasu wuraren, na biya, matsalar tana nan daram.

Ku ne kuka fara yi mini tambayoyi kafin ku taɓa sukurudireba: da wane lokaci take rufewa, a kan wane irin zane, da wutar NEPA ko ta janareta. Sannan kuka buɗe fayil ɗin da Krita ke rubuta bayanin faɗuwarta a ciki, kuka haɗa da abin da Windows ta ajiye a Event Viewer, wato kundin da take rubuta kurakuran na'ura. Kun nuna mini cewa lambar kuskuren ɗaya ce kusan kullum, 0xc0000005, wato manhaja ta taɓa wurin da bai halatta gare ta ba a ma'adana, amma sashen da ke faɗuwa yana sauyawa kowane karo. Ka ce da laifin manhajar ne, da galibi a wuri guda za ta riƙa tuntuɓe. Duk da haka ba ku yanke hukunci ba sai da kuka sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuka kuma gwada alƙalamin zanen da Wintab da Windows Ink, hanyoyi biyu da alƙalamin ke haɗuwa da kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya.

Bayanin da ka yi mini a kan girman zane shi ne ya warware mini komai. Shafin A3 a kan ɗigo 300 a kowane inci yana da faɗin ɗigo 3508 da tsawon ɗigo 4961, falle guda cikakke, wato shimfiɗa ɗaya cikin waɗanda ake ɗorawa a kan juna a zane, yana cin kusan megabait 70, ni kuwa nakan jera falle arba'in ko fiye. Ka yi zargin wani ɓangare na RAM ne ya lalace, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da ake yi a lokacin, kuma ƙananan zane-zane ba sa kai wa ga wannan ɓangaren. Manya ne ke isa can, musamman idan na'urar ta ɗauki zafi da rana. Gwajin MemTest86, manhajar binciken lafiyar RAM, ya wuce zagayen farko babu kuskure ko ɗaya, kuma na tabbata mutane da yawa a nan za su tsaya. Ku kuka bar shi ya kwana, da safe allon ya cika da jan rubutu. Kuka cire RAM ɗin biyu, kuka gwada kowanne shi kaɗai, har aka gane mai laifin.

Kuɗin sabon RAM da ladan aiki na rana ɗaya kawai kuka karɓa, alhali kwamfutar ta yi kwana huɗu a hannunku. Yau sati shida ke nan, na kammala bangon littattafai uku ba ta rufe ko sau ɗaya ba.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a shagon da duk masu aiki a cikinsa.

Naku,
Mai zanen bangon littattafai, Kano