Wasiƙa kan karatun yaronka

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga abin da ke damunka game da yaron: yana karanta shafi har ƙarshe, amma da an tambaye shi me labarin ya ƙunsa sai ya yi zuru.

Kafin komai, gano inda matsalar take. Samo gajeren labari ka karanta masa da kanka, shi ya saurara kawai, sannan ka ce ya maimaita maka da bakinsa. In ya kawo shi daidai, fahimtarsa ƙalau take, haɗa baƙi ne ke cinye masa hankali, har ya manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta. In kuwa ko da ka karanta masa bai gane ba, to kalmomi ne suka yi masa ƙaranci, ko kuma bai san abin da ake magana a kai ba. Kowanne da maganinsa.

Na farkon ya fi sauƙi. Sauko da shi zuwa littafin da ya dace da shi. In yana tuntuɓe a fiye da kalma 1 cikin 10, littafin ya fi ƙarfinsa. Ku karanta sakin layi ɗaya sau 3: kai kaɗai, ku biyu tare, sannan shi kaɗai.

Na biyun shi ke son haƙuri. Minti 15 kullum ya fi awa 2 a ƙarshen mako. Ku fara da duba bango da sunan littafin, ka ce ya cinka abin da zai faru. Zaɓi baƙin kalmomi 2 ko 3 ka fayyace masa tun kafin ku shiga, kada su fi haka. Kuna cikin karatu, ka riƙa tsayawa a ƙarshen shafi. Guji tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, don yaro kan karanta amsar a fuskarka. Ce masa, "Me ya sa yarinyar ta ɓoye?" In ya amsa, ka ce, "A ina ka ga haka? Nuna mini." Wannan ke koya masa komawa cikin rubutu ya nemi hujja. Bayan tambaya ka yi shiru, ka ƙirga 5 a zuci. Manya da yawa kan amsa wa yaro tun bai gama tunani ba.

Akwai wurin da yara ke ɓata ba a lura ba: in an rubuta "sai ya ba shi", tsaya ka tambaya wa ya ba wa. Haka ma "amma", "saboda" da "bayan da", su ke ɗaure labari.

In kun gama, ya faɗi waye a labarin, wace matsala ya shiga, yaya ta ƙare. Kada ka gyara kowane kuskure, sai wanda ya canja ma'ana, in ba haka ba zai ɗauki karatu jarrabawa ya tsane shi. In da hali, ku yi a harshen da ya fi ji. Idan an yi watanni ba ci gaba, a duba masa ido da kunne.

Ka gaida mutanen gida. Ina jiran jin yadda ta kaya.

Naka har kullum.