Ranar sauka daga jirgi a Santambul

Unguwar Rimi,
Kaduna.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan Kaduna sai godiya. Damina ta zauna sosai, kogi ya cika har yana neman taɓa gonakin bakin gada, masara kuma ta fara shigowa kasuwa.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce in kun gama zagayen tsibiran Girka jirgin ruwanku zai ajiye ku a Istanbul, garin da kakanninmu ke kira Santambul, daga nan kuma ku yo gida. Ka tambayi abin da ya kamata ku gani a yini ɗayan da ya rage muku. Zan faɗa maka, amma ba daga nan zan fara ba, don ranar ƙarshe ba a wurin yawo take lalacewa ba. Kaya da lissafin lokaci ne ke kayar da mutane. Muddin kuna cikin jirgi kamfani ne ke ɗauke da nauyinku, da zarar an duba katinka a ƙofar sauka kuwa kai ne uban tafiya.

Aikin yana farawa tun ana jibi za ku sauka. Za a ajiye muku takarda a ɗaki, ko a turo ta manhajar jirgin, ana tambayar lokacin tashin jirgin samanku. Da amsarka ake sa ku a rukuni, a kawo muku takardun ɗaura wa akwati masu launi da lamba. Ka rubuta suna da lambar waya a kowace, ka yage ɗan guntun da ke jikinta ka riƙe, don da shi za ka tuna launinku. Daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna bakin ƙofar ɗaki, yawanci kafin sha ɗayan dare ko sha biyu, ma'aikata su kwashe, ba kuma za ka sake ganinsu ba sai a zauren tashar. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa: a tura komai cikin akwati, gari ya waye babu rigar sawa, babu takalmin yaro, maganin hawan jini ya tafi ƙasa. Kafin ka ja zif ɗin akwati, ka shimfiɗa kayan da kowa zai sa gobe a kan gado, har safa da hula da mayafin Hajiya. Fasfo, magani, caja, kuɗi, gwal da tikiti duk su kwana a jakar hannu. Ka buɗe ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin kabad, ka shafa hannu har lungunsa, ka bar shi a buɗe.

Ka auna kayan tun a ɗaki. Jirgin ruwa bai damu da nauyi ba, jirgin sama kuwa kilo 23 ne ƙa'idar akwati ɗaya a yawancin tikitin kujerun baya, adadin akwatunan kuma yana rubuce a tikitinka. In akwai tsarabar da za ku ƙara a gari, ka bar mata wuri tun yanzu.

Sai maganar asusu. Duk abin da kuka saya da katin ɗaki yana taruwa wuri guda, har da kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum. Ka duba lissafin a talabijin ɗin ɗaki da rana, layi bayan layi, musamman abin da yara suka taɓa a wurin wasanni da ƙaramin firij. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka je teburin karɓar baƙi da yamma, don da safe layin kan kai har bakin matakala, kuma bayan an sauka gyara ya koma wasiƙa da jira. In katin banki ka ba su, ka sani sukan riƙe wani kuɗi a matsayin jingina, sai bayan kwanaki banki ke sakinsa, ko da an riga an cire ainihin bashin. Kada ka dogara da wannan katin shi kaɗai don tasi da abinci a gari. In kuma tsabar kuɗi ka ajiye, ka je ka rufe asusun ka karɓi canjinka. Wanda ake bi bashi, na'urar ƙofa za ta yi ƙara, a mayar da shi ciki alhali iyalinsa na tsaye suna jira.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka ka duba yau ɗin nan, ba gobe ba. Da koren fasfo kake tafiya, to ka karanta bizar Turkiyya da kyau: shiga sau ɗaya ce ko sau da yawa, kuma kwananta ya kai ranar tashinku? Jirage da yawa kan tsaya a Kushadasi, wadda ita ma ƙasar Turkiyya ce, su koma Girka, sannan su zo Istanbul. Ka kai fasfon teburin baƙi ka tambaye su ƙarara yadda za a lissafa wannan tsayawar. In kuma jirgin ne ke riƙe da fasfunanku, ka ji lokacin da za a raba su.

Da safe akan so a bar ɗaki wajen ƙarfe takwas. Ku karya da kyau, don wannan ne abinci na ƙarshe da aka riga aka biya, sannan ku zauna a zauren da aka ba rukuninku har a kira launinku. Akwai damar mutum ya ja kayansa da kansa ya riga kowa fita, amma da yara da akwatuna huɗu ban ba ka shawarar haka ba, lif kan cika maƙil a wannan sa'ar. In ka taka ƙasa ka ji kamar tana lilo da kai, kada ka tsorata, jiki ne da ya saba da rawar teku, yakan daina cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tashar da za ku sauka Galataport ce, wadda aka buɗe a 2021, kuma a tsakiyar gari take, a unguwar Karakoy. Zauren fasfo da kwastan a ƙarƙashin ƙasa yake, can za ku sami akwatunanku jere bisa launi. Ka karanta sunan da ke jiki kafin ka ja, baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya. In wani ya fashe ko bai fito ba, ka cika takardar ƙorafi kafin ka bar zauren.

Yanzu lissafi. Ba ka faɗa mini lokacin tashinku ba, don haka bari mu ɗauka ƙarfe 6 na yamma ne. Daga baya ake ƙirgowa. Ku kasance a filin jirgi ƙarfe 3, domin ana binciken kaya tun a ƙofar shiga ginin, sannan awo, sannan fasfo, sannan wani binciken, ga shi filin ƙato ne, tafiya zuwa ƙofar jirgi kaɗai kan ci minti ashirin. Daga tsohon gari zuwa can ya kai kilomita 40, in hanya ta yi kyau ƙasa da awa ɗaya, in ta cushe awa ɗaya da rabi. Ke nan 1:30 kun kama hanya, ƙarfe 1 kuna wurin karɓar kaya. In kun fito daga tasha ƙarfe 9, kun ajiye kaya kafin 10, to abin da ke hannunku awa uku ne, ba yini ba. Ka kuma dubi tikitin: IST shi ne babban filin da ke ɓangaren Turai, SAW kuwa Sabiha Gokcen ne, can tsallaken ruwa a ɓangaren Asiya. Wanda ya rikita su ya rasa jirgi.

Kada ku shiga gari da akwatuna. Titunan tsohon gari duwatsu ne da hawa da gangara, tarago kuma a cike yake. Hanya mafi sauƙi ita ce yawon da kamfanin jirgin ke sayarwa wanda ke ƙarewa a filin jirgi, kaya na cikin bas kuna yawo. Yana da tsada, amma hankali kwance. Akwai kuma shagunan ajiya, waɗanda ake kira emanet, kalmar nan tamu ta amana, a wajen Sirkeci da Sultanahmet. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton kayan, ka tambayi lokacin rufewa. In jirginku na tsakar dare ne, ni a ganina ɗakin otal na yini ya fi duka, don yara su kwanta, a yi wanka, a sake kaya.

Da kun fito daga tasha, tashar taragon titi ta Tophane na nan kusa. Layin T1 ne. Ka sayi katin sufuri na Istanbulkart a na'urar da ke wurin ka zuba masa kuɗi. Kati ɗaya na iya shigar da ku duka, kana taɓawa kowa na wucewa. Ku hau mai zuwa Bagcilar. Zai bi Karakoy, ya haye gadar Galata da masu kamun kifi jere a kanta, ya wuce Eminonu, Sirkeci da Gulhane, ku sauka a Sultanahmet cikin kamar kwata.

A nan manyan masallatai biyu ke fuskantar juna. Ayasofiya an gama ginin ta a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, aka dawo da salla a cikinta a 2020. Tun 2024 masu yawon buɗe ido biya suke su hau bene ta wata ƙofa, masallata kuma ƙofarsu daban, layin kan yi tsawo tun hantsi. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, kyauta ake shiga. Akwai famfunan alwala jere a gefen gini, akwai ledar saka takalmi a ƙofa, ka riƙe naka a hannu. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai, shuɗin tayil ɗin da ya ba shi suna a sama yake, ba a ƙasa ba. Azahar a can sai bayan ƙarfe ɗaya take shiga, don haka a lissafin da muka yi a filin jirgi za ku yi ta, akwai masallatai a ciki. In ka bi limamin gari, ka san huɗu za ka cika.

Da ni za ka bi, wuri na biyu shi ne Eyup Sultan, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, Allah ya yarda da shi, sahabin da ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa lokacin da ya isa Madina. Ya rasu a bakin ganuwar birnin nan a yaƙin da aka yi zamanin Mu'awiya. Daga Eminonu taragon T5 ke bin gefen ruwa ya kai ku. Ku yi masa sallama da addu'a, ku zauna kaɗan a inuwar tsohuwar bishiyar farfajiya. Yaran da suka karanta sunansa a Islamiyya ba za su manta ba. Amma taura biyu ba ta taunuwa: in kun zaɓi nan, kasuwa ta fita daga lissafin awa uku. Fadar Topkapi, inda ake ajiye kayan tarihin Musulunci, rabin yini take ci ita kaɗai, kuma ba ta buɗewa ranar Talata.

Na san Hajiya ba za ta yarda a bar kasuwa ba. Babbar rufaffiyar kasuwa, wadda tarago ke tsayawa a bakinta a Beyazit, a rufe take ranar Lahadi, kuma ƙofofinta da lungunanta sun isa su ɓatar da baƙo. Ku riƙe suna da lambar ƙofar da kuka shiga. Kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu ta fi dacewa da mai ƙaramin lokaci, ga alawar lokum, ga busasshen ɓaure, ga ganyen shayi, kuma shagunan da ke bayanta sun fi na ciki araha. A yi ciniki kamar a Kasuwar Barci. Sarin kaya a Laleli ba aikin ranar sauka ba ne. Zuma, turare da man zaitun su shiga babban akwati, a naɗe da leda, don abin ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Fawa-bank kuwa akasin haka, a hannu yake tafiya.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. A bakin ruwan Eminonu ana sayar da gasasshen kifi cikin burodi da albasa, a ci a tsaye. A kula da ƙaya saboda yara. Ƙananan gidajen abinci da ake nuna tukwane a bayan gilashi sun fi waɗanda ake tare mutum a ƙofa ana miƙa masa takarda. Duk inda ba a rubuta farashi ba, a tambaya kafin a zauna.

Ka canza ɗan kuɗi a wurin 'yan canjin gari, sun fi na filin jirgi daraja, in kuma na'urar kati ta tambaye ka lira ko dala, ka zaɓi lira. A tasi ka ga an kunna mita kafin a tashi, ko ka kira ta manhajar BiTaksi don hanyar ta fito a wayarka. In za ka biya, ka ɗaga takardar kuɗin ka faɗi adadinta da baki, don akwai masu musanya babba da ƙarama su ce ita ka ba su. Mai goge takalmi da burushinsa zai faɗi a gabanka, ka wuce abinka. Jaka kuma ta dawo gaba in kuna cikin tarago. Zuwa filin jirgin IST akwai bas ɗin Havaist daga Aksaray da Taksim, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa M11 daga Gayrettepe, amma canjin layi da doguwar tafiyar ƙafa sun sa da iyali da kaya gara ka nemi babbar mota guda tun da safe, ku yanke lokaci da wurin haɗuwa.

Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu. In dare ne za ku sauka Abuja, ku kwana a can, kada ku kamo hanyar Kaduna cikin duhu. Da safe ku bi jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Tikitinsa ta intanet ake saye, kuma ana neman lambar NIN, don haka ka turo mini bayananku da lambar jirgin samanku da wuri in kama muku kujeru, ƙarshen mako sukan ƙare da sauri. Zan zo Rigasa da mota biyu saboda kaya.

Mutanen gida duk suna gaishe ku, Inna ta ce a shafa mata kan yara. Ka gaida Hajiya da kyau. Allah ya sauke ku lafiya, ya kawo mana ku cikin aminci.

Wassalam,
Naka amini.