A riƙa yi mana bayanin abin da suka je yi sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

A watan Mayun 2023 'yan sama jannatin Saudiyya, Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni, suka je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, jaridu suka cika da hotunansu, amma bayanin binciken ya yi ƙaranci.

Alhali nan ne daɗin yake. A ƙasa, idan ka dama fura ka ajiye, garin zai kwanta, ruwa ya taso. A can, nisan kilomita kusan 400, kayan ba su da nauyi: ƙwayoyi suna tsayawa cikin ruwa, kumfa ta daɗe ba ta tsiyaye ba. Sai masana su ga yadda ƙwayoyin ke haɗuwa da kansu, ilimin da masu haɗa magani da fenti ke buƙata. Har gwajin haɗa hadari su Rayyana suka yi!

Yaranmu na Jidda da Makka suna karanta Hausa. Ku ware musu shafi na irin wannan bayanin.

Naka,
Mai karatu daga Jidda